Fili, Gini da Takarda: Tarihin Abin da Ake Saya Idan An Sayi Ƙasa

A farkon shekarar 1989 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke wani hukunci da ya hana manajojin bankuna barci. Wani attajiri a Legas mai suna Ajilo ya jinginar da kadararsa ga bankin Savannah domin kamfaninsa ya samu rance. Bashi ya ƙi biyuwa, banki ya shirya yin gwanjo, sai mai kadara ya riga shi zuwa kotu. Bai musanta cin bashin ba, bai kuma musanta sa hannunsa a takardar jingina ba. Hujjarsa guda ɗaya ce: ba a nemi yardar gwamnan jiha kafin a ƙulla jinginar ba, alhali Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta hakan. Lauyoyin banki suka ce ai mutumin ya mallaki wurin tun kafin a kafa dokar, ba gwamna ne ya ba shi ba, don haka sharaɗin bai hau kansa ba. Kotu ta ce ya hau. Jinginar ta zama ɓatacciya, banki ya tashi da takardar da ba ta ba shi ikon sayar da ko bulo ɗaya ba.

Ginin yana nan tsaye, filin bai matsa ko taku guda ba, amma abin da banki ya ɗauka yana riƙe da shi ya zube. Wannan shari'a ta fito da abin da masana harkar kuɗi ke nufi idan suka ambaci kadarar ƙasa da gine-gine, wadda Turawa ke kira real estate. Abubuwa uku ne a haɗe. Akwai ƙasar kanta. Akwai abin da aka kafa a kanta wanda ba a iya ɗauke shi a tafi, kamar gini da rijiya da itatuwa. Sai na uku, wanda ido ba ya gani amma shi ne ake yi wa farashi: haƙƙoƙin da doka ta amince mutum yana da su a wurin, wato ya zauna, ya hana wani shiga, ya ba da haya, ya sayar, ya jinginar, ya bar wa magada. Da za a cire ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi, darajar wurin za ta ragu ko da ba a taɓa ginin ba.

Sunan da Turawa suka ba wannan dukiya ya samo asali ne daga kotunan Ingila na zamanin da. Bayan yaƙin 1066, da Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar, sai doka ta ɗauka cewa duk ƙasar Ingila ta sarki ce, kowa riƙo yake yi daga hannunsa. Abin da mutum ya mallaka shi ne matsayinsa a kan ƙasar da tsawon lokacin da matsayin zai ɗauka: na tsawon rai ne, ko na gado ne har jikoki. Wannan matsayi shi ne ma'anar kalma ta biyu a sunan. Ta farkon kuwa daga Latin take, daga kalmar da ke nufin abu shi kansa. Idan aka ƙwace wa mutum doki ko tufafi, kotu na iya barin wanda ya ƙwace ya biya kuɗi. Idan gona ce, wanda aka zalunta yana da irin ƙarar da za ta mayar masa da gonar kanta. Daga nan aka raba dukiya gida biyu, kuma rabon ya bi Turawan Ingila duk inda suka kafa mulki. Dokar da majalisarsu ta yi a 1925 ta taƙaita tarin matsayin da aka gada zuwa biyu: mallakar dindindin, da haya ta ƙayyadaddun shekaru.

Akwai wani abu a tsohuwar dokar Ingila da manomin Bichi ko na Funtuwa zai gane nan take. Littafin shari'a da ake dangantawa da Glanvill, wanda aka rubuta wajen shekarar 1188, ya raba jinginar ƙasa iri biyu. Idan mai bin bashi ya karɓi gona yana ci, kuma abin da yake ci yana rage bashin, wannan jingina ce mai rai. Idan kuwa yana cin amfanin gonar amma bashin yana nan yadda yake, wannan matacciyar jingina ce, kuma littafin ya lasafta ta cikin nau'o'in riba. Daga sunan wannan matacciyar jingina a tsohon Faransanci aka samo kalmar da Turawa ke kiran bashin gida da ita har yau. Ita ce kuma sak jinginar gona da aka sani a karkarar ƙasar Hausa, inda wanda ya ba da kuɗi yake noma gonar shekara da shekaru har ranar da aka maido masa da kuɗinsa cif. Malaman fiƙihu sun daɗe suna kallon wannan al'ada da ido ɗaya, bisa ƙa'idar cewa rancen da ya jawo wa mai shi amfani ya shiga riba. Alƙalan Ingila da malaman zaure ba su taɓa haɗuwa ba, amma abu guda suka hango.

Kano kafin zuwan Turawa

Musulunci ya zo ƙasar Hausa da nasa rabon dukiya. Fiƙihu ya bambanta aƙar, wato ƙasa da abin da ya kafu a kanta, da dukiyar da ake ɗauka a kai wani wuri. Ya kuma ba aƙar hukunce-hukunce na musamman. Akwai shufu'a, wadda a mazhabar Malikiyya take ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba damar karɓe kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya biya farashin da aka yi ciniki. Akwai waƙafi, wanda ke fitar da kadara daga kasuwa gaba ɗaya. Akwai kuma rayar da matacciyar ƙasa, hukuncin da ya ba wanda ya sare daji ya noma haƙƙi a kan abin da ya raya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a ƙasar da ba ta da mai ita. A aikace kuma Bahaushe yana da kalma ga kowace hanya: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina, saran daji. Yana da gandu na gida, da gayauna ta mutum shi kaɗai, da hurumi da ba a taɓawa.

Wanda ya zaga birnin Kano a ƙarni na 19 zai tarar da dukkan manyan nau'o'in kadara da littattafan harkar kuɗi ke lissafawa a yau, ko da yake ba wanda ya tsaya ya jera su. Gidan zama yana nan, ana gadonsa, ana rabonsa a gaban alƙali. Kadarar kasuwanci tana nan a rumfunan Kurmi, kasuwar da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da kuma a gidajen fatoma. Fatoma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kowa gane cewa gini jari ne. Yakan sauki fatake a ɗakunansa, ya ajiye musu kaya a ɗakunan ajiya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu a bashi. Sau da yawa ba kuɗin ɗaki yake nema ba, la'adar cinikin da ɗakin ya jawo masa ita ce ribarsa. Kadarar masana'antu kuwa ita ce karofi. Rijiyar rini tana cin kuɗi da aiki kafin ta tsaya, kuma masu ita sukan gada, su sayar, su ba wani ya yi aiki a ciki ya biya. Sai gona, wadda a karkarar da ke kewaye da birni, inda jama'a suka yi yawa kuma taki ya mai da ƙasa abin noma kowace shekara, ta riga ta zama abin ciniki.

Abin da babu shi ne takarda mai ƙarfin da baƙo zai dogara da ita. Shaidar mallaka tana bakin mai unguwa da dagaci da dattawan da suka san iyaka. Wannan ya wadatar tsakanin mutanen da suka san juna. Bai wadatar ga mai kuɗin da ke wani gari ba, wanda ke son ya ba da rance a kan gidan da bai taɓa gani ba.

Wani littafi daga Amurka

Kano ta faɗi a hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. A jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato ya bayyana cewa duk ikon da sarakuna suka samu ta hanyar yaƙi ya koma hannun Ingila ta hanyar yaƙi, har da iko a kan ƙasa. Amma wanda ya mai da wannan furuci tsari shi ne magajinsa, Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan asalin Kanada, wanda ya riƙi Arewa daga 1907 zuwa 1909.

Girouard da wasu manyan jami'ansa, musamman Charles Temple, sun sha daga tunanin wani marubuci Ba'amurke, Henry George. A littafinsa na 1879 a kan ci gaba da talauci, George ya lura da abin da duk mai fili a bakin sabon titi ya sani: ƙasa takan yi tsada ba tare da mai ita ya ɗaga tsinke ba. Jama'a ne suka ƙaru, hukuma ce ta yi hanya, kasuwa ce ta matso. Tunda al'umma ce ta haifar da ƙarin darajar, in ji shi, al'umma ce ya kamata ta ci, ta hanyar haraji a kan ƙasar, a bar wa mutum abin da ya gina da guminsa. A Ingila masu manyan filaye sun fi ƙarfin wannan ra'ayi. Arewacin Nijeriya kuwa, a ganin mabiyansa, fage ne da ba a riga an ɓata ba, ga kuma jirgin ƙasa yana tafe wanda zai sa filaye su yi tsada.

A 1908 aka zaunar da kwamiti a Landan kan ƙasar Arewa, cikinsa har da Temple da ɗan majalisa Josiah Wedgwood, wanda ya yi suna wajen bin ra'ayin George. Kwamitin ya saurari jami'an mulkin mallaka, ya kuma kammala cewa mallakar ƙasa ta mutum ɗaya baƙuwa ce ga al'adar mutanen Arewa. Sun samu abin jingina a wani hukuncin Malikiyya da ke cewa ƙasar noma da aka ci da yaƙi takan zama waƙafi ga Musulmi baki ɗaya. Cinikin gonaki da ake yi a karkarar Kano kuwa, sai aka ɗauke shi a matsayin ɓarna da ta shigo wadda ya kamata a tsayar. Wannan shi ne raunin aikin: an fara da amsa, sannan aka nemo mata shaida.

Sakamakon shi ne dokar ƙasa ta 1910. Ta ayyana cewa duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa, kuma babu haƙƙin da zai inganta a kanta sai da yardarsa. Abin da Gwamna ke bayarwa izinin zama ne, da takardar shaida, da kuɗin ƙasa da ake sake dubawa lokaci zuwa lokaci. Nan aka haifi takardar da kowa ke kira C of O a yau. An sake fasalin dokar a 1916, sannan gwamnatin Sardauna ta gaje ta a dokar 1962, ta mai da ikon hannun ministan ƙasa na Jihar Arewa.

Adalci ne a faɗi abin da dokar ta tsare. Ba a samu Turawa 'yan kama wuri zauna sun yanki manyan gonaki a Zazzau ko Katsina ba, kamar yadda aka yi a Kenya. Abin mamaki, Kenya ɗin aka tura Girouard daga nan, kuma a can ya bar aiki a 1912 a kan rigimar tayar da Masai daga ƙasarsu. Sai dai kariyar ta zo da tsada. A Legas, wadda Ingila ta karɓa tun 1861, hukuma ta raba takardun mallaka irin na Ingila, kuma 'yan kasuwar garin suka riƙa jinginar da gidajensu ga kamfanonin Turawa suna karɓar kaya bashi. Wasu sun yi arziki, wasu sun rasa gidajen, amma gida ya zama ƙofar samun jari. Ɗan kasuwar cikin birnin Kano, da gidansa na gado da ba shi da takardar Gwamna, bai samu wannan ƙofa ba. Jarinsa ya ci gaba da fitowa daga amana da dangantaka da ubangida.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta buɗe kasuwa, sai Turawa suka shata sabon gari a wajen ganuwa. A nan ne nau'o'in kadara suka rabu a kan taswira, kowanne da unguwarsa. Nasarawa ta zama mazaunin Turawa, da fili da aka bari babu gini tsakaninta da 'yan ƙasa, wanda ƙa'idar wancan zamani ta sa yadi 440. Sabon Gari, da aka kafa a 1913, ta zama ta baƙi daga kudu. Fulotan ciniki suka jeru kusa da tasha, Kwarori suka samu nasu yanki wanda sunansa ya zauna har yau, Kantin Kwari. Daga baya Bompai ta zama unguwar masana'antu, Sharaɗa da Challawa suka biyo. Tun daga lokacin takardar fili take faɗin abin da aka yarda a yi da shi, kuma sauya wannan layi guda, daga gidan zama zuwa kasuwanci, yana iya ninka farashin fuloti.

Yadda mai kuɗi ke kallon kowanne

Masu harkar kuɗi ba don tsari kawai suke raba kadara iri-iri ba. Tambayarsu ita ce daga ina kuɗi zai fito, kuma me zai iya tsayar da shi.

Gidan zama albashi ne ke riƙe da shi. Haya ko biyan bashin gida daga aljihun ma'aikaci suke fitowa, kuma mutum yakan bar abubuwa da yawa kafin ya bar biyan kuɗin wurin kwanansa. Shi ya sa a ƙasashen da jingina ta kafu bankuna suka fi sakin jiki da shi. Kadarar kasuwanci, wato shago da ofis da otal da rukunin kantuna, ana yi mata farashi ne da abin da take kawowa. A misali, shagon da aka saya naira miliyan 50 yana kawo hayar miliyan 4 a shekara bayan an cire gyara da haraji, yana ba da kashi 8 cikin ɗari. Mai lissafi zai ɗora wannan a kan abin da takardun lamunin gwamnati ke bayarwa, da kuma hauhawar farashi, kafin ya ce ciniki ya yi. Wuri shi ne kusan komai a nan: rumfa ƙarama a tsakiyar Kwari tana iya fin babban gida a bayan gari tsada.

Kadarar masana'antu ita ce mai haɗarin da ba a cika gani da wuri ba. Ana gina ta ne domin aiki guda, sau da yawa domin kamfani guda, kuma ranar da aikin ya mutu ginin ba ya samun mai so da sauƙi. Unguwar Kakuri a Kaduna shaida ce. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo ta, dubban ma'aikata suka cika unguwar, masu gidajen haya da masu shaguna suka ci albarkacinsu. Da masaƙun suka rufe a shekarun 2000, manyan gine-gine suka koma kango, kuma faɗuwarsu ta ja darajar ɗakunan haya da ke kewaye. Sito ya fi masaƙa sauƙin sauya hannu, domin kowane ɗan kasuwa yana buƙatar wurin ajiya. Gine-gine irin su makaranta da asibiti da gidan mai, su ma ana ware su gefe saboda wannan dalili na wahalar sauya musu aiki.

Sai fili tsagwaronsa. Gona tana ba da amfani, amma fulotin da aka kewaye aka bari ba ya kawo ko kwabo, sai ma ci da yake yi: kuɗin katanga, kuɗin mai gadi, kuɗin ƙasa. Duk ribarsa tana ga fatan cewa gari zai iso. Wannan shi ne ainihin abin da Henry George ya tsana, kuma abin dariya ne cewa a yankin da aka yi doka musamman domin a hana shi, shi ne ya zama babban asusun ajiyar ma'aikaci da ɗan kasuwa. Ba wauta ba ce ta sa haka. Wanda ya ga abin da ya sami naira tun daga 1986 yana da hujjar guje wa ajiyar banki.

Dokar Arewa ta zama ta ƙasa

A shekarun arzikin man fetur filaye suka yi tashin gwauron zabi, gwamnati kanta ta rasa inda za ta yi ayyuka ba tare da biyan diyya mai nauyi ba, rigingimun filayen dangi kuma suka cika kotunan kudu. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Chike Idigbe. Mafi yawan 'yan kwamitin ba su goyi bayan mayar da ƙasa hannun hukuma ba, amma gwamnati ta bi ra'ayin marasa rinjaye. Ranar 29 ga Maris 1978 aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda a zahiri tsarin Arewa ne aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki na 1979, na 1999 ya gaje ta, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki.

Sashe na 1 ya damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamna a matsayin amana. Ƙananan hukumomi suka samu ikon ba da izinin gargajiya a karkara, har hekta 500 domin noma da 5,000 domin kiwo. Wanda ke da filin da bai gina ba a birni, rabin hekta aka bar masa. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna, shi ne wanda ya kayar da bankin Savannah. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izini domin maslahar jama'a. Sashe na 29 kuwa, wanda masu sayen fili ba su cika karantawa ba, ya ce diyya ta abin da aka gina ko aka shuka ce. Ƙasar kanta, abin da ake mayarwa a kanta shi ne kwatankwacin kuɗin ƙasa da aka biya a shekarar da aka soke. Ke nan wanda ya zuba miliyoyi a fili babu gini ya sayi abin da kasuwa ta fi darajantawa, doka kuma ta fi rainawa.

Abin da ke hannun mai C of O, a harshen tsohuwar dokar Ingila, ya fi kusa da haya mai tsawo, galibi ta shekara 99, fiye da mallakar dindindin. Wannan shi kaɗai ba aibi ba ne, domin a Hong Kong kusan duk ƙasa haya ce daga hukuma, kuma bankuna suna ba da rance a kanta ba fargaba. Matsalar tana ga hanya: watannin jiran sa hannu, kuɗaɗen yarda da rajista da hatimi, da fayil da ke ɓata. Kotun Ƙoli ta sassauta daga baya, a 1995 ta ce ana iya rubuta yarjejeniya kafin yardar ta fito, sai dai ba ta cika sai da ita. Amma bankuna sun riga sun koyi darasi.

An yi ta ƙoƙarin gina kasuwar bashin gida a kan wannan tushe. Ƙungiyar ba da rancen gini da aka kafa a 1956 ta rikiɗe ta zama Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a 1977. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, da alƙawarin rance mai sauƙin ruwa. A 2013 aka kafa kamfanin da zai riƙa sayen basussukan gidaje daga bankuna domin su samu kuɗin sake bayarwa. Duk da haka jimillar bashin gida a Nijeriya ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin da zai cire jingina daga abubuwan da ke buƙatar yardar gwamna. Ya rasu a 2010 ƙudurin bai zama doka ba.

Jama'a kuwa ba su jira ba. Unguwanni da dama a Kano awon igiya ne: mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti, dillali ya kawo mai saye, mai unguwa ya shaida, a rubuta takardar ciniki. Gida yakan tashi a hankali, ɗaki bayan ɗaki, da kuɗin adashi da na giratuti. Masanin tattalin arziki ɗan Peru, Hernando de Soto, a littafinsa na shekarar 2000 ya kira irin wannan dukiya mataccen jari, domin ana kwana a cikinta amma ba a iya karɓar rance da ita. Akwai gaskiya a maganarsa, sai dai ba duka ba. Mutane da yawa a Arewa ko an ba su takarda ba za su kai ta bankin ruwa ba, shi ya sa zuwan bankin Jaiz a 2012, da tsarin da banki ke sayen gida ya ba mutum haya har ya mallaka, ya shafi wannan kasuwa kai tsaye. Kuma sauƙin jingina yana da nasa ramin. A Amurka an kai matsayin da ake tara basussukan gidaje a dunƙule a sayar wa masu zuba jari a ko'ina cikin duniya, har mai ba da rance ya daina damuwa da ko mai karɓa zai iya biya. Da farashin gidaje ya juya, bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumbar 2008, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu.

Amurkar ce kuma ta ƙirƙiro, a dokar 1960, hanyar da mutum zai ci hayar gini ba tare da ya mallaki ƙofa ko taga ba: asusun da ke sayen manyan gine-gine, ya sayar da hannun jari, ya raba wa masu shi aƙalla kashi 90 cikin ɗari na ribar da ake yi wa haraji. Irinsa ya iso kasuwar hannun jari ta Legas da asusun Skye Shelter a 2007, na Union Homes ya biyo, sai na UPDC a 2013. Sun kasance 'yan ƙalilan, kuma kadarorinsu sun taru ne a Legas da Abuja da 'yan manyan birane, inda takarda ta fi tsabta.

Ikon da dokar 1910 ta ba Gwamna Bature yana nan a hannun gwamnoni zaɓaɓɓu, waɗanda ke sauyawa duk shekara huɗu ko takwas. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da sabuwar gwamnati a Kano, motocin rusau suka shiga shagunan da aka gina a Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne da gwamnatin da ta gabata ta raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu shaguna suka ce da kuɗinsu suka saya, kuma daga hukuma takardunsu suka fito. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jiha ta biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Kafin shekarar ta ƙare ɓangarorin biyu suka sasanta a kan biliyan 3.